Gudummawar Sarki da Rumfunan Barde

An ce wai a zamanin da, an yi wani babban sarki wanda ƙasarsa ta yi faɗi har wasu garuruwansa sai a bakin fatake yake jin labarinsu. Wata shekara aka gaya masa cewa makarantu duk suna cikin manyan garuruwa, 'ya'yan ƙauyuka kuwa suna tashi ko alif ba su sani ba. Abin ya dame shi. Sai ya yanka wa kowace gunduma gudummawar hatsi daga rumbunsa duk kaka, ya gindaya sharaɗi guda: wannan ƙari ne a kan abin da gari ya saba yi wa makarantarsa, ba madadinsa ba, domin a ɗauki sababbin malamai a tura su ƙauyuka.

A cikin hakiman da gudummawar ta iske akwai Barde Tanimu na Rafin Marke, dattijo mai tsoron haram, wanda ba a taɓa jin ya ci haƙƙin talaka ba. Al'adar garinsa kuwa, kowane magidanci yakan kai dami ɗaya makaranta in an yi girbi, da shi malamai suke ci da iyalinsu.

Ana nan, shekarar da ayarin sarki ya fara zuwa, gobara ta tashi ta lashe kasuwar garin ƙurmus. 'Yan kasuwa suka fara ƙaura. Barde ya dubi hatsin sarki jibge a farfajiya, ya dubi tokar kasuwa, sai dabara ta zo masa. Ya sa aka yi shela cewa bana kowa ya kai daminsa wurin magina, malamai kuwa za a ciyar da su da na sarki.

Malam Hambali, babban malamin makarantar, ya same shi a zaure ya ce, "Ranka ya daɗe, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hatsin nan da sharaɗi ya zo. Mutanen ƙauye sun ji labari, suna zuba ido."

Barde ya ce, "Malam, ai ko ƙwaya ɗaya ta sarki ba za ta fita daga makaranta ba. Bana ce kawai. Mu tashi kasuwa, baɗi sai a tura malamai."

Kasuwa ta tashi, ta fi ta da kyau, aka jera rumfuna na soro maimakon na zana. Amma baɗi ta zo aka ga ana bukatar rumfar mahauta, wata baɗin kuma masaukin fatake. Haka shekaru suka yi ta shuɗewa. Mutanen gari suka manta hanyar makaranta da dami, su kuwa na ƙauye suka gaji da tambaya suka yi shiru. Shirun nan Barde ya ɗauka yarda ce.

Kwatsam sai ga jakadan sarki, wani mai suna Nagoma, tare da Alƙali Ɗalhatu, suna zagaya gundumomi suna duba yadda aka yi da amana. Jakada ya zaga ƙauyukan Rafin Marke bai sami malami ko ɗaya ba. Ya dawo a fusace, aka tara jama'a a ƙofar fada.

Jakada ya ce, "Allah ya gafarta malam, dokar sarki a fili take. Gundumar da ta karya sharaɗi a yanke mata gudummawa. Ina neman a zartar."

Barde ya miƙe, zuciyarsa a natse, don har ga Allah bai ga laifinsa ba. Ya ce, "A tambayi malamai. In akwai ƙwayar hatsin sarki da ta shiga wani ciki ba na malami ba, a tuɓe mini rawani yau."

Malam Hambali ya shaida haka ne. Kowa ya ga inda gizo yake saƙa. In alƙali ya bi jakada, makarantar gari za ta mutu, yara su biya laifin da ba su yi ba. In ya bi Barde, kowane hakimi a ƙasar zai koyi dabarar, kyautar sarki ta zama ba ta ƙara kome ba.

Sai alƙali ya sa aka kawo randa da ruwa rabi, da ƙwarya biyu. Ya cika ɗaya da ruwan tulu ya juye a randar. Ya miƙa wa Barde ɗayar ya ce ya ɗebo cikinta daga randar ya zubar a gindin bishiya. Barde ya yi.

Alƙali ya ce, "Barde, ruwan wa ka zubar, nawa ko na randa?"

Barde ya ce, "Allah ya gafarta malam, ai sun gauraya, ba mai iya rabewa."

"To randar ta ƙaru?"

Barde ya leƙa. Ruwa yana nan inda yake tun farko. Nan take abin da ya ƙi gani shekara da shekaru ya tsaya a gabansa.

Alƙali ya ce, "Sarki ya zuba, kai ka kwashe. Ba ka ci ba, na yarda, amma ba don hatsin sarki ba da ba ka sami hannun taɓa damin gari ba. Ashe ke nan hatsin sarki ne ya gina rumfunan nan, abin da dukiyar makaranta ta gina kuwa na makaranta ne. Daga yau rumfunan kasuwa wakafi ne, hayarsu ta malaman ƙauye ce. Mutanen gari su koma kai daminsu makaranta. Gudummawa kuma ba za a yanke ta ba, don ba a hukunta mai ƙishirwa da fasa randa."

Jakada ya gamsu, jama'a suka watse suna yabon hukunci. Barde ne kaɗai bai sami sauƙi ba.

Da aka ɗauki malamin farko, Barde da kansa ya raka shi wani ƙauye mai nisa. Mai unguwar wurin, tsoho tukuf, ya tarbe su da fura, ya tara ƙananan yara a inuwa. Barde ya dube su ya ce, "Baba, ina sauran? Na ji an ce yaranku suna da yawa lokacin da aka fara maganar nan."

Tsohon ya ce, "Ranka ya daɗe, waɗanda aka yi wa alkawarin ai sun yi gemu. Wasu suna gona, wasu sun tafi cirani. Waɗannan ƙannensu ne. Mun gode dai, Allah ya saka."

Ba da gori ya faɗa ba, kuma wannan ne ya fi yi wa Barde ciwo. Ya hau dokinsa ya koma gida. An ce har ya bar duniya yana yi wa makarantun ƙauye hidima, amma bai ƙara yarda ya ratsa ta cikin kasuwar nan ba.

Shi ya sa masu hikima suke cewa, dukiyar amana in ta kauce hanya alƙali yana iya dawo da ita, amma ƙuruciyar da ta wuce babu alƙalin da yake da ikon kiranta.