Kiyashin da Suka Haihu Ba Uwa

An ruwaito cikin tsofaffin takardu cewa a birnin Gwarzam, zamanin Sarki Barmo, wani falke mai suna Korau ya dawo daga bakin teku da huhunan goro, bai san ya ɗauko baƙi a cikin ganyen ba. Jan kiyashi ne, irin da ba a taɓa gani ba a ƙasar. Kafin damina ta fita sun kori tururuwar gari, sun cinye 'yan tsaki a akurki, sun fara shiga kunnen jarirai. Mata suka daina sauke goyo.

Waziri ya yi abin da kowa ya sani. Ya sa aka haƙa gidansu har aka kai ga uwarsu, aka murtsuke ta a ƙofar fada. Da yake mutanen garin da ƙasar shuri suke yaɓe rumbu, kuma an ce gida ya mutu, sai aka bari suka kwashe ta kwando-kwando. Wata biyu, kowane rumbu a birnin ya yi ja.

Aka jawo Korau gaban sarki. Ga hauni mai sare kai tsaye a bayansa, har yana jin numfashinsa a ƙeya.

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a idonka uwar ta mutu. Abin da ke haihuwa ba uwa ai ba ƙwaro ba ne, aike ne. Ga mai aiken."

Sarki ya ce, "Kai falke, wa ke haifar su? Faɗi, ko ka bar kanka a nan."

Korau ya ce, "Ranka ya daɗe, a bakin teku na sauka gidan wata tsohuwa mai sayar da manja. Na ga ƙafafun gadonta cikin kasaken ruwa, na yi dariya. Ta ce, 'Yi dariyarka, Bahaushe. Ƙauyenmu na can ya zama kufai. Sau bakwai muna kashe uwarsu. Su waɗannan, in uwa na raye, 'ya'yan dakon abinci suke yi. Ranar da ta mutu, masu dakon ne ke tsugunawa su yi ƙwai.' Ni kuwa na ɗauka ruɗin tsufa ne."

Waziri ya kwashe da dariya. "Mai dako ta yi ƙwai! Gobe kuma jakinka zai yi."

Korau ya ce, "A gwada ni. Waziri ya tsince masu dako da hannunsa, a zuba su a tulu da danshin ƙasa da dabino, a ɗaure bakin da ƙyalle, sarki ya buga hatimi. Kwana arba'in."

Aka yi haka, shi kuma aka sa masa mari a ƙafa. Kullum gari ya waye sai ya tambayi kansa: in tsohuwar nan ƙarya ta yi fa? In sun mutu a ciki fa?

Ranar arba'in aka fasa tulun a tsakar fada. Ga ƙwai fari fat kamar tsakin shinkafa, ga tsutsotsi na motsi, masu dako na rige-rigen ɗauke su. Sarki ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Waziri, gida nawa ƙasar shurin nan ta shiga?"



A ranar aka fitar da abin da ya fitu na hatsi, aka cinna wa rumbuna wuta, aka kwarara tafasasshen ruwa a kowane rami. Birnin ya sha yunwa shekarar, amma bai tashi ba. Aka kwance Korau, sarki ya ba shi riga da tsaron ƙofa, kada kaya su shigo sai ya zazzage su ganye-ganye.

To, ku ji da kyau. Baƙon abu ba a yi masa hukunci da sanin na gida. Sai a zauna a dube shi tukuna, ko da ran mutum na rawa.