Mutumin da Ya Amsa Sunan Mamaci

Ya 'yan'uwa, ku gyara zama ku ji. An yi wani mutum a nan yankinmu na Namwera, shi ne shugaban kwamitin da ke tantance waɗanda suka cancanci tallafin gwamnati a ƙauyuka biyar. Yana da keke, yana da wata baƙar jaka ta takardu. In ya shigo gida har tsofaffi sukan miƙe su ba shi kujera. Ba ilimi ya fi mu ba, ba shekaru ba. Sunan kowa ne yake cikin jakarsa.

A ɗaya daga ƙauyukan akwai wani bawan Allah, Twaibu Mkwanda, wanda tari ya kwantar shekara biyu, har aka sa shi cikin masu karɓar tallafi. Matarsa Abiti Jafali tana aikin tsintar ganyen taba a gonar wani attajiri, ladan da ba ya kai su tsakiyar wata, ga 'ya'ya huɗu. Da damina ta faɗi, Twaibu ya cika. Ni na yi masa wanka, ni na sallace shi.

Ƙa'idar a fili take. In magidanci ya rasu ya bar mace mai ƙaramin albashi da marayu, dagaci zai rubuta shaidar mutuwa, shugaban kwamiti ya kai ofis a gari, a mayar da tallafin da sunan matar. Dagaci ya rubuta. Mutumin nan ya karɓa da hannu biyu, har da "Allah ya jiƙansa", ya ninke takardar ya tura ta can ƙasan jaka. Bai kai ba.

Duk wata biyu motar biya takan zo filin makarantar firamare. Masu biyan baƙi ne, kullum ana canza su, ba su san fuskar kowa ba. Su kira suna, a amsa, a dangwala yatsa. Rannan da hantsi mai kira ya ɗaga murya: "Twaibu Mkwanda!" Wuri ya yi tsit, don rabinmu mun je kabarinsa. Sai muka ji daga baya an ce, "Na'am, ga ni." Mutumin nan ne, ya cire hularsa ya yafa tsohon bargo, yana takowa a hankali, har da ɗan tarin ƙarya.

Ina wurin, na rako tsohuwata. Na sunkuyar da kai ban ce uffan ba, don sunanta ma yana cikin jakar nan. Har yau kunyar shirun nan ba ta sake ni ba.

Da Abiti Jafali ta fita takaba, ta same shi a ƙofar gidansa ta durƙusa.

"Shugaba, ina kwana. Maganar takardar nan ce ta kawo ni. Kwana biyu yara ba su ga tuwon ugali ba, ganyen kabewa nake dafa musu."

"Ke Abiti, kin cika gaggawa. Ofis sun ce gidanku yana karɓa, kuma ba a ba gida ɗaya sau biyu."

"Wa yake karɓa, Shugaba? Mijin nawa da aka binne?"

"A wurinki aka binne shi. A takarda yana nan daram, ya ma fi ni lafiya. Ke ba aiki kike yi ba? Mai albashi guda, kina kukan yunwa?"

Ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka ba. Ta miƙe ta kakkaɓe zaninta ta ce, "To, tun da yana da rai, in kun haɗu ka gaishe shi. Ka ce masa autarsa ba ta da lafiya."

Ya yi dariya. Dariyar ta ƙare da tari, kuma wannan karon ba na ƙarya ba ne.

Tarin bai tafi ba. An je asibiti an duba ƙirjinsa, ba a ga komai ba. Daga nan ya fara jin kira. Da rana tsaka, yana cikin gonar masararsa, ba kowa kusa, sai ya ji an ce "Twaibu Mkwanda", bakinsa ya amsa kafin ya yi tunani. Ya amsa a kasuwa. Ya amsa a sahun sallar Juma'a, muna ji. Matarsa kuwa sai ta kira shi da sunansa sau uku bai waiwayo ba.

Kun ce ya daina? Ina! Sau biyu motar biya ta sake zuwa, sau biyu ya yafa bargon nan. Wane irin kwaɗayi ne yake sa mutum ya ga rami ya ci gaba da tafiya?

Sai aka fara ganinsa da azahar a ƙofar gidan Abiti Jafali, zaune kan dutsen da marigayi yake shan hantsi, yana jan ƙafar hagu kamar yadda marigayi yake ja. In aka tambaye shi me ya kawo shi, sai ya dubi mutane ya ce bai san ya zo ba. Ranar da autar ta rasu, ba wanda ya aika masa. Tun kafin mata su fara kuka yana tsaye a tsakar gida, hawaye sharkaf, yana kiran yarinyar da sunan da ubanta kaɗai yake kiranta da shi.

Washegari ya tono takardar daga ƙasan jaka, ya hau keke zuwa gari, ya ajiye ta gaban ma'aikaci. Ma'aikacin ya karanta ya ce, "Allah ya jiƙansa. Wane ne shi wannan Twaibu Mkwanda a wurinka?"

Ya ce, "Ni ne."

"Baba, kai ne ka kawo mana shaidar mutuwarka?"

Aka gwada yatsansa da wanda aka dangwala, ya yi daidai. Aka ƙwace jakar, aka cire shi daga shugabanci, ya yi zaman gidan yari ya fito ƙashi da fata. An mayar wa Abiti Jafali haƙƙinta, tana karɓa har yau. Amma yarinyar tana ƙasa, kuma babu ofishin da zai maido ta.

Bayan fitowarsa, bai kai wata damina ba ya mutu. Bayan an rufe shi, na tsuguna a kansa don in laƙƙana masa kalmar shahada kamar yadda muka saba, a kira mamaci da sunansa da na mahaifiyarsa. Na buɗe baki, sunan ya ɓace. Mutumin da na sani shekara arba'in! Na dubi ƙanensa, shi ma ya saki baki yana kallona. Na dubi ɗansa, shi ma sunan ya ɓace masa. Suna ɗaya ne kawai a kan harshenmu duka, kuma ba wanda ya yarda ya furta shi. Haka muka taso muka bar shi ba a kira shi ba. Sai da muka kai gida sunan ya dawo mana.

Ya 'yan'uwa, haƙƙin maraya da na matar da ta rasa miji ba abin wasa ba ne. Akwai ranar da za a kira kowa, ba bargo, ba baƙon mai kira da za a yaudara. Wane suna wannan mutum zai amsa? In akwai mai riƙe da takardar wata a cikinku, ya kai ta gobe da safe. Mu kuma da muka gani muka yi shiru, kada mu ɗauka ba za a tambaye mu ba.

Allah ya jiƙan Twaibu da 'yarsa. Allah ya yafe mana shirunmu, ya kiyaye mu daga cin abin marayu, ya sa ranar da aka kira mu, mu amsa da fuska a sake. Amin.