Allon da Babu "Dakata" a Cikinsa

A garin Toowoomba an yi wata ɗaliba mai suna Bronte, tana koyon aikin taimaka wa waɗanda magana ta gagara. Yarinya ce mai kaifin ƙwaƙwalwa, sai dai Allah ya zuba mata gaggawa. Kafin ka kai rabin zancenka ta ƙarasa maka shi, ko daidai ko ba daidai ba. Ko shayi ba ta iya jira ya huce.

A shekararta ta ƙarshe aka haɗa ta da wani dattijo, Lyle, tsohon mai aske ulun tumaki, wanda shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa baki. Hankalinsa garau yake, amma hannu ɗaya ke motsi, shi ma a hankali. Ranar Litinin za a zauna da 'yarsa da likita a ji ta bakinsa: zai koma gidan hayarsa wurin karensa, ko a kai shi gidan kula da tsofaffi? Aikin Bronte shi ne ta haɗa masa allon hotuna da zai riƙa nunawa da yatsa.

Malamarsu, Narelle, tana da doka. Duk wanda ya haɗa allo, sai ya yi kwana uku bai ce uffan ba, yana amfani da allon kaɗai, kafin ya miƙa wa majinyaci. Bronte ta haɗa nata a zama ɗaya: ruwa, abinci, ciwo, bayan gida, i, a'a.

"Yau kunnuwana za su huta," in ji Imogen, ƙawarta da suke ɗaki ɗaya. "Ke da shiru? Ko awa ɗaya ban ba ki ba."

Ranar farko ta fita da allonta. A shagon abinci mai sayarwa ya tambaye ta ko abinci mai kaza take so. Ta miƙa yatsa wajen "i", amma kafin ya sauka mutumin ya riga ya ce ko mai barkono. Yatsa ya sauka a kan tambaya ta biyu. Aka miƙo mata mai barkono, ita da ke fama da gyambon ciki. Layi ya yi tsawo a bayanta, gumi ya karyo mata, ta karɓa ta fita kamar za ta yi kuka. Abu ɗaya ta so ta ce, dakata, ban gama ba, kuma babu shi a allon.

Maimakon ta zauna ta ƙara hoton, washegari da rana ta buɗe baki ta ci gaba da harkokinta. Ta rubuta wa Malama Narelle cewa ta cika kwana uku, kuma allon bai rasa komai ba.

Ranar Litinin 'yar Lyle, Kerryn, ta iso a gajiye, ga tuƙin awa huɗu na jiranta. Ta kama hannun kujerarsa.

"Baba, gida kake so ka koma?"

Yatsan tsoho ya tashi a hankali. Ɗakin ya yi tsit. Shirun ya yi wa Kerryn nauyi, sai ta ƙara da cewa, "Ko dai ka fi son inda akwai masu jinya kullum?"

Yatsa ya sauka a kan "i".

Bronte ta gani, ta kuma gane, domin abin ya faru da ita. Amma Malama Narelle na zaune a gefe. In ta yi magana za a tambaye ta yadda aka yi ta ce allon bai rasa komai ba. Tsoro ya kama ta, ta sunkuyar da kai. Yarinyar da ba ta iya shiru, ranar nan ta yi shiru.

Aka ɗauka zaɓin Lyle ke nan, aka kai shi gidan tsofaffi. Mako biyu abin na cin Bronte a rai. Daga ƙarshe ta je ofishin malamar ta faɗi gaskiya duka. Malama Narelle ba ta ɗaga murya ba, ta ce mata shekarar nan sai ta maimaita ta, sannan ta kira Kerryn a waya. Amma an makara. An mayar wa mai gidan hayar makullinsa, har ya zuba wasu 'yan haya, karen kuma an ba wani manomi can nesa.

Bronte ta roƙi a bar ta ta kai wa Lyle sabon allo. Ta same shi a gidan tsofaffin, a bakin taga. Ta ajiye allon a cinyarsa, ta nuna masa sabon hoton, tafin hannu a ɗage, ta fara ba shi haƙuri da sauri-sauri, kalma na bin kalma. Tsoho ya dube ta. A hankali ya ɗaga yatsa ya ɗora a kan "dakata", ya bar shi a nan.

Mai karatu, duk aikin da aka ba ka domin wani, kada ka yi masa ha'inci don ka gaji da jira. Wahalar da Bronte ta kasa daurewa ta kwana uku, wani ya ɗauke ta har ƙarshen rayuwarsa. In ka yi kuskure, faɗe shi tun yana da gyara. In kuma kana gaban wanda magana ke yi wa wuya, yi tambaya ɗaya, ka jira amsarta.