Awon da Jaruma Ba Ta Ɗauka Ba

Akwai wata mai ɗinki da matan unguwarsu ke kira Jaruma, kuma ba a banza ta samu sunan ba. Shekara shida da suka wuce kansar mama ta kama ta. Aka yanke mata mama ɗaya, magani ya kakkaɓe mata gashi, amma ta miƙe ta koma kan kekenta.

Tun daga nan shagonta ya zama matattara. Duk Asabar da yamma sai a ture teburin yanka gefe, mata masu ciwon su zauna. Ita ke raka su asibiti, ita ke bin layi a madadin wadda ƙafarta ta gaza. Tana kuma ɗinka musu ɗan soso mai laushi da ake sakawa cikin rigar mama, don kada riga ta karkace gefe guda.

Sai dai fa Jaruma akwai baki. In mace ta zo a makare, ta shiga uku.

"Wata nawa kina jin ƙullutun?"

"Uku."

"Uku! Jira kike ya yi miki sallama? Ni ranar da na ji nawa, washegari ina gaban likita. Tsoro ne ke kashe ku, ba ciwo ba."

Sai matan su yi dariyar yaƙe, mai laifi ta sunkuyar da kai. Jaruma a ganinta ƙarfafa musu gwiwa take yi.

Tana da ƙanwa, Auta, malamar makaranta mai 'ya'ya biyu. Auta ke raba ruwa a wurin taron, don haka ta ji wannan magana ta fi sau ɗari.

Wata rana Auta ta kawo yadi. Jaruma ta ciro tef daga wuyanta za ta auna ta, sai Auta ta ja da baya.

"Yaya, sauri nake. Ga tsohuwar rigata, ki auna da ita."

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin masu ɗinki. Jaruma ta shimfiɗa rigar a tebur ta auna. Karo na biyu ma tsohuwar riga aka aiko. A na uku har da saƙo: a ɗan sake ta a ƙirji.

"Auta an samu wuri," in ji Jaruma tana dariya. "Ƙiba ta zo, kuma an zama manya, ba a taɓa jikin Malama."

Matar da ta koya wa unguwa guda yadda ake duba mama, ba ta tambayi ƙanwarta komai ba. Ta ƙara inci biyu, ta ci gaba da taka keke.

Haka aka tafi wata goma sha ɗaya. Rannan da hantsi mijin Auta ya kira Jaruma, ya ce Auta ta faɗi a cikin aji, an kai ta asibiti.

Likitan ya san Jaruma sarai, don ta kawo masa mata ba iyaka. Wannan karon ya kasa haɗa ido da ita.

"Kansar mama ce, ta kai huhu, ta kai ƙashi," ya ce. "Abin da ya rage mana shi ne mu rage mata zafi."

Jaruma ta shiga ɗakin da aka kwantar da ƙanwarta. Auta na kwance, ta rame har zobenta na yawo a yatsa. Faɗan da ya saba tsayawa a bakin Jaruma ya ƙi fitowa.

"Auta, me ya sa? Kullum muna tare."

"Na duba yadda kika koya mana, Yaya. Na ji ƙullutun. Na ce gobe zan gaya miki. Da goben ta yi, sai na ce yanzu za ki tambaye ni kwana nawa. Da aka yi wata, kunya ta hana ni. Ke ba ki san tsoro ba, ta yaya zan fara?"

Jaruma ta zauna a bakin gadon, ta rufe fuska da hannu biyu. Abin da ta binne shekara shida ya fito da kansa.

"Ƙarya nake yi, Auta. Ba washegari na je ba. Wata biyar na yi ina ɓoyewa, ina kuka a bayan shago. Sai da na kasa ɗaga hannu na tafi."

Auta ta kalle ta. Babu fushi a idonta, kuma wannan ya fi komai ciwo.

"Haba Yaya," ta ce a hankali. "Da wannan kika gaya mana, ai da tuni na zo."

Bayan sati bakwai Auta ta rasu, ƙaramar 'yarta ba ta cika shekara huɗu ba.

Darasi: Mai tsoro ba faɗa yake bukata ba, yana bukatar wanda zai ce masa "ni ma na ji tsoro." In Allah Ya tsallakar da ke, faɗi gaskiyar yadda kika tsallake, kada ki yi mata ado. Ke kuma da kika ji wani abu a jikinki, ko wata nawa ya yi, tafi asibiti yau. Ku tura wannan ga yayyenku da ƙannenku, wataƙila akwai wadda ke jiran ta ji.