Ƙahon Ilu da Awon Sista Paulina

Akwai wani dillalin shanu a Gumel, Ilu, a shekarun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Duk Alhamis yana kasuwar Maigatari. Ƙato ne, wuya kamar turmi. In bijimi ya ƙwace a kara, wato kasuwar shanu, ba a neman igiya, Ilu ake nema.

Matarsa Asama'u kuwa hankalinta bai kwanta ba. Kullum da safe sai ta ga ya dafe ƙeya yana yamutsa fuska. Mahaifinsa daga alwala ya faɗi, bai tashi ba. Yayansa ma haka, a gona. Ita dai ba ta son ta zama ta uku da za a zo yi wa gaisuwa a gidan nan.

Maƙwabciyarsu Paulina nas ce, daga Filato aiki ya kawo ta, kowa Sista yake ce mata. Asama'u ta roƙe ta, ta zo da abin awon jini, ta ɗaura wa Ilu a damtse, ta yi ta matsa robar tana saurare. Ta sake awon.

"Sista, ko damtsen ne ya fi ƙarfin abin naki?" in ji Ilu.

"Malam Ilu, jininka ya hau sosai. Kuma lambar sama ta yi wa ta ƙasa nisa, wannan tazarar ba na son ta. Ka san tiyon ban ruwa? Sabo laushi gare shi, in ruwa ya zo da ƙarfi sai ya ɗan buɗe. Wanda ya kwana biyu a rana ƙandarewa yake, rana ɗaya sai ya fashe. Jijiyoyin jininka sun fara ƙandarewa."

"To ni kike kira tsohon tiyo?"

"Ni dai ka je asibiti gobe. Ka rage gishiri da tsiren kasuwa."

Don Asama'u ta bar shi ya huta, ya je. Aka ba shi ƙwayoyi, aka ce kullum, har abada. Ya sha na ɗan lokaci, ciwon ƙeya ya tafi, sai ya ajiye.

"Malam, ai cewa aka yi kada ka daina," in ji Asama'u.

"Mai lafiya ne zai yi ta haɗiyar ƙwaya kamar kaza? Ni maganin gidanmu zan koma."

Maganin gidansu ƙaho ne. Ya kira amininsa Dogo wanzami, aka yi tsaga a ƙeya, aka kafa ƙaho. Da aka cire, Ilu ya ce a kira Asama'u ta gani.

"Kin ga baƙin jinin nan? Shi ne ciwon. Ya fita. Ki gaya wa Sistarki."

Ta gaya mata. Paulina ta ce, "Asama'u, ƙaho abin da ke ƙarƙashin fata yake ja. Bai isa jijiyar da nake tsoro ba." Ta zo da abin awon, Ilu ya ce yana sauri. Ta sake zuwa, ya ce a ce ba ya nan, ga takalmansa a ƙofa.

Wata Alhamis ana loda shanu a babbar mota, wani jan bijimi ya ɓalle. Ilu ya tare shi, ya kama ƙahonin, ya murɗe wuyan, ya kai shi ƙasa. Kara ta ɗauki sowa. Aka ɗaure bijimi, aka ja shi. Ilu yana nan durƙushe. Mutane suna dariya, sun ɗauka hutawa yake, har wani ya lura bakinsa ya karkace.

Allah ya yi da sauran kwana. Amma hannun dama da ƙafar dama sun shanye, harshe ya yi nauyi.

Paulina ba ta taɓa cewa "ai na faɗa maka" ba. In ta taso daga aiki sai ta biyo, ta auna shi, ta koya wa Asama'u yadda za ta riƙa miƙe masa yatsu. Shi kuwa in ta shigo sai ya sunkuyar da kai.

Wata rana Dogo ya zo yi masa aski, ya tarar da ita. Ya gama, yana naɗe zabirarsa, sai ya dafe ƙeya.

"Ni ma kwanan nan kaina ya dame ni. Gobe zan sa a kafa min ƙaho."

Ilu ya miƙa hannun hagu ya cafke damtsen Dogo. Har yanzu akwai ƙarfi a wannan hannun. Dogo ya ja, ya kasa ƙwacewa.

"Kai Ilu, ni ba bijimi ba ne, sake ni mana."

Ilu ya dubi Paulina. Da ƙyar maganar ta fito.

"Sista... auna... shi."

Bai saki ba sai da ta ɗaura abin awon. Jinin Dogo ma ya hau. Washegari ya je asibiti, kuma bai taɓa ajiye ƙwayarsa ba. Shi ya ci gaba da yi wa Ilu aski, har gashin su biyun ya yi fari fat.

Darasi: Hawan jini ba ya tsoron ƙato, kuma tafiyar ciwon kai ba warkewa ba ce. Ku je a auna ku, ku sha magani yadda aka ce, kada girman kai ya sa ku raina mai gaya muku gaskiya. 'Yan uwana mata, don Allah ku tura wa mazajenku da iyayenku wannan yau, musamman wanda ya fi kowa cewa shi lafiyarsa ƙalau.