Ranar da Sukarinta Ya Sauka

Akwai wani malamin makaranta mai kaifin kai, wannan ban hana masa ba. Matsalar, shi ma ya san da haka.

Da aka gano matarsa tana da ciwon sukari, wata tsohuwar nas ta zaunar da su. Ta koya masa yi mata allurar rage sukari. Ta ce in ya ga matar tana gumi tana karkarwa, sukarin ne ya sauka: a ba ta abin zaƙi, kada allura ta kusance ta. Ta miƙa masa takarda.

"Kife ta, Malam, ka maimaita min."

Ya yi dariya. "Haba Iya, ni da nake yi wa yara jarrabawa?"

"Yau kai ne ɗalibin. Faɗa yanzu. Jibi ka faɗa wa matarka da ka, bayan mako ka sake, bayan wata ka kuma."

Matar ta zungure shi. "Maigida, faɗa mata mana, ko bulala kake tsoro?"

Bai faɗa ba. A mota ya karanta takardar sau uku, ya ji komai ya zauna daram, da ya isa gida ya cusa ta a aljihun tebur. Ido ne ya saba da rubutu, shi kuwa ya zaci kai ya riƙe.

Bayan wata biyar, wata Asabar da hantsi, ya tarar da ita zube gefen keken ɗinkinta, gumi sharkaf, harshe yana harɗewa. Ya lalubi kansa, wayam. Ya zazzage aljihun tebur, takardun ɗalibai kawai. Abu ɗaya ya tuna: ai sukari ne ciwon. Ya ɗauko allura ya yi mata.

Ta yi shiru, ya ɗauka sauƙi ne, har ya lulluɓe ta. Sai azahar ya ga ba ta tashi, ya garzaya da ita asibiti.

Ta rayu. Amma likita ya ce ƙwaƙwalwar ta taɓu.

Yanzu kullum da safe yakan durƙusa gabanta da kofin shayi, ya ce, "Wane ne ni?"

Wata rana ta ce likita. Wata rana ta dube shi da ladabi ta ce, "Bawan Allah, ko ka ga mijina?"

Darasi: Ganewa daban, riƙewa daban. Abin da ba ka faɗa da ka ba, na takarda ne, ba naka ba. Rufe littafi ka tambayi kanka yau, jibi, mako mai zuwa, tun kuskure bai da tsada. Ku tura wa masu jinya, da duk mai saurin cewa "na gane".