Ruwan Mutanen Ƙasa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Baba.

Kurege manomi ne mai wayo, amma ba ya iya jira. Da sanyi yakan dasa albasa, da rani ya yi ban ruwa, da bazara ya share gona. Sai Kwaɗo ya yi kuka sannan yake shuka gero.

Wata shekara, tsakiyar rani, ba hadari ba iska, aka sheƙa ruwa. Ƙasa ta jiƙe, amma ba ta yi ƙamshi ba. Kurege ya ɗauki ƙwaryar irinsa, ita ke nan gare shi, ya biya ta bakin rijiya.

"Malam Kwaɗo, barci kake? Ruwa ya sauka, ka yi shiru."

Kwaɗo ya ce, "Wannan ba namu ba ne, ɗan'uwa. Na mutanen ƙasa ne, waɗanda muka binne. Su ma suna noma. Mai da irinka rumbu."

"Tsufa ke damunka," in ji Kurege. Ya je ya shuke irin duka.

Kwana bakwai ba tsiro. Da ya tona, sai ya ga saiwa na kallon sama, ganye ya nufi ƙasa.

Damina ta gaskiya ta zo, kowa ya shuka, Kurege ba ko ƙwaya. Da kaka yunwa ta kwantar da shi a gonarsa, kunnensa a ƙasa. Can ciki ya ji ana daka, ya ji muryar uwarsa da ta rasu tana cewa, "Allah ya yi wa ɗana albarka, bana mun ƙoshi."

Tun ranar Kurege yake haƙa rami, yana tsayawa yana saurare.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera, nan ta tsaya.